Ƙanena ya ci kuɗin zumuntar matasa a caca: in biya masa ko in bar shi?

Salama a gare ku. Ni mai sayar da wake da shinkafa ce a Aboabo, cikin Kumasi. Ƙanena shekararsa 26, makanike ne a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota, kuma shi ne ma'ajin zumuntar matasa a cocinmu. Matasa sun yi wata tara suna tara kuɗin sayen kayan kiɗa, sidi 8,400, duka a MoMo ɗinsa, wato asusun kuɗi na waya. Ranar da za a je Adum sayen kayan aka tarar babu ko pesewa ɗaya. Ya zuba su a cacar ƙwallo ta waya. Aka tsayar da shi gaban jama'a ranar Lahadi, aka faɗi laifinsa, aka sauke shi, aka hana shi Jibin Ubangiji. Yau wata biyu bai sake taka coci ba. A shago yake kwana, ba ya ɗaga wayata. Wasu na cewa a kai shi wurin 'yan sanda. Mma kuma kullum kuka, tana cewa in kwashe susuna, wato adashina, in biya a rufe maganar, tunda mu Kirista ba mu da yawa a unguwa, kowa ya san mu. Ni kuwa haushinsa nake ji, don da gumina na biya kuɗin koyon aikinsa. Ana ta wa'azin gafara, amma ba wanda ya taka ya je wurinsa. In biya? Ta yaya zan dawo da shi?

Yayarsa, daga Aboabo

'Yar'uwa, salama ta Ubangiji ta kasance tare da ke. Kada ki taɓa susunki. Amma kada makon nan ya ƙare ba ki je Suame ba.

Abu uku ne suka cakuɗe a gidanku, shi ya sa kowa ke ja wajensa: gafara, bashi, da amana. Gafara kyauta ce, ba ta jiran ya biya ko sisi. Bashi nasa ne, shi zai biya da hannunsa. Amana kuwa sai ta sake tsiro, kuma za ta ɗauki lokaci fiye da biyun. Mma tana so ki biya bashin don a ce an yafe. Masu maganar 'yan sanda sun riƙe gafara sai kuɗi ya fito. Duk hanyoyin biyu a caca za su bar shi.

Zuwan farko ba na bincike ba ne. Daina kiran waya, kunya ce ta hana shi ɗagawa, kuma kowane kira yana ƙara masa ita. Je da kanki, ke kaɗai, lokacin cin abincin rana, da abincinki a kwano. Kada ki yi maganar gaban mastansa ko yaran shago. Ja shi gefe. A Yohanna 21, kafin Yesu ya yi wa Bitrus tambaya ko ɗaya bayan musun da ya yi sau uku, sai da ya ciyar da shi kifi da gurasa a bakin teku. Ki bar shi ya ci. Abin da za ki faɗa bai wuce wannan ba: kin san abin da ya faru, ranki ya ɓaci, har yanzu ƙanenki ne, ɗakinsa yana nan, kuma ranar kaza za ku zauna ku lissafa komai. Kada ki ambaci kuɗin koyon aiki a wannan rana. Kada kuma ki ce masa "ba komai", don ya san ƙarya ne.

Tambaya ɗaya ce dole ki yi kafin ki tashi, ko da bakinki ya yi nauyi: "Ka taɓa tunanin kashe kanka?" Mutumin da bashi, caca da kunyar gaban jama'a suka haɗu a kansa, ya kuma yanke kansa daga kowa, yana cikin haɗari na gaske. Tambayar ba ta sa tunanin a zuciyar mutum. Sau da yawa sauƙi take kawowa. Idan ya ce i, ko ya fara raba kayan aikinsa, ko yana cewa kun kusa hutawa da shi, kada ki bar shi ya kwana shi kaɗai. Ki kai shi sashen masu taɓin hankali da damuwa na asibitin Komfo Anokye, ko wurin nas mai wannan aikin a asibitin gundumar da ke kusa da ku. Lambar gaggawa 112 ce. Tun 2023 majalisar Ghana ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka, don haka babu tsoron za a kama shi saboda ya faɗi gaskiya.

Zama na biyu shi ne na lissafi, kuma nan ne yawancin iyalai ke tuntuɓe. Suna ɗauka kuɗin da aka kama mutum da shi shi ne duk bashin. Da wuya. Mai caca yakan taɓa kuɗin amana ne bayan ya cinye nasa ya kuma ci bashi inda zai iya. Ki zo da littafi da biro, ku buɗe tarihin MoMo ɗinsa na wata shida ko tara (ana iya neman cikakkiyar takardar shige da ficen kuɗin a ofishin kamfanin layin), ku bi layi layi. Ki tambaye shi bashin waya, da manhajojin ba da rance, waɗanda Babban Bankin Ghana ya sha gargaɗi cewa da yawansu ba su da lasisi, kuma sukan bi lambobin da ke wayar mutum suna tozarta shi. Ki tambayi kuɗin kayan gyara da masu mota suka ba shi bai sayo ba, da abin da ya karɓa wurin mastansa, da sifanu ko jak da ya jinginar. A rubuta suna, adadi, da ranar da aka ci. Ki gaya masa tun farko cewa duk abin da ya faɗa yau ba za ki yi ihu ba, kuma ki cika alkawarin. Dalili shi ne bashin da ya ɓoye shi ne zai mai da shi caca: zai riƙa neman ci ɗaya da zai rufe ramin kafin ki gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wannan tunanin na "ci ɗaya" shi ne zuciyar cutar, kuma ya fi jin lissafi fiye da faɗa. Makanike ne, ya san injin da aka ƙera don ya yi abu ɗaya. Ku ɗauki wasa mai fuska biyu da ƙarfinsu ɗaya. Da adalci ake yi, wanda ya sa sidi 10 ya ci, 20 zai karɓa. Kamfani kuwa yakan ba da kamar ninki 1.90, wato sidi 19. Mutum biyu, kowa a fuskarsa, sun zuba 20, an biya 19, sidi 1 ya zauna wa kamfani ko wa ya ci. Kashi 5 cikin 100 ke nan a wasa ɗaya. Idan ya jera wasa goma a tikiti ɗaya, yadda samari suka fi so, rabon kamfani yana hauhawa har ya kai wajen kashi 40 cikin 100. Ko da kowane wasa yana da damar 7 cikin 10 na shiga, damar goman su shiga tare ba ta kai 3 cikin 100 ba. Shi ya sa kullum za ki ji suna cewa "wasa ɗaya ne ya yanke ni". Ba rashin sa'a ba ne, haka aka gina abin. Cire harajin kashi 10 na kuɗin da aka ci, wanda aka sa a 2023 aka soke a 2025, bai canza ko ɗaya daga wannan lissafin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka. Wannan bai wanke shi daga zunubin cin amana ba, amma ya nuna cewa hawaye da rantsuwa kaɗai ba za su riƙe shi ba.

Don haka a rufe ƙofofi, a gabanki, a wannan zaman. Ba goge manhaja kawai ba, don minti biyu ya isa a sake sauke ta. Ya shiga kowane asusun caca ya nemi a rufe shi ko a dakatar da shi na mafi tsawon lokacin da suka yarda. Akwai manhaja kyauta mai suna BetBlocker da ke toshe shafukan caca a waya. Abin da ya fi wannan shi ne ya sayar da babbar wayar ya riƙe ƙarama mai madannai na wata shida. Sai dai ki sani ko da ƙaramar waya ana buga caca da loto ta gajerun lambobi, ga shagunan caca da injinan jefa kwabo a lungu lungu. Ainihin ƙofar ita ce kuɗi a hannu. Ya yarda, da bakinsa, cewa abin da ya samu a mako zai bi ta hannun mutum ɗaya amintacce, a bar masa na abinci da na motar haya ta trotro na yini ɗaya ɗaya. Asabar da Lahadi da yamma, lokacin wasannin Ingila, su ne mafi haɗari. Kada a ce ya daina son ƙwallo. A samu wanda zai zauna da shi su kalla a gida, ko su je filin Baba Yara su ga wasan ƙungiyar Kotoko, aljihu babu komai sai kuɗin ƙofa.

Sai tsarin biya. Ga misali, ku gyara shi daidai da abin da yake samu. Idan wayar ta kawo sidi 900, a kai su nan take a matsayin kason farko, saura 7,500. Sidi 150 kowane mako zai gama shi cikin mako 50. Kada ku yarda da adadin da zai faɗa cikin zafin nadama. Zai ce 500 a mako, ya biya sau biyu, ya kasa, kunya ta sake korarsa. Ku zaɓi abin da zai iya biya ko a makon da aiki ya yi ƙasa. A biya ranar da kuɗi ke shigo masa, kafin ya kwana da su. Shi zai kai da hannunsa wurin dattijo ɗaya da aka naɗa, a ba shi rasit, a rubuta a littafi. A sa hannu a yarjejeniyar: shi, dattijon, shugaban matasa, da ke a matsayin shaida, ba mai tsaya masa ba. A rubuta kuma abin da za a yi idan ya tsallake mako: ya sanar kafin ranar, a ƙara makon a ƙarshe. Tsallake uku a jere ba tare da magana ba, a sake zama. Idan lissafi ya nuna akwai bashi mai ruwa da ke ƙaruwa kullum, ko kuɗin mai mota da zai iya sa a kore shi daga shago, a nemi coci ta yi haƙuri a fara da waɗannan, don in ya rasa aikin ba wanda zai ga kuɗinsa.

Me ya sa muka nace shi zai biya? Zakka, a Luka 19, da ceto ya shiga gidansa, da bakinsa ya ce zai mayar wa waɗanda ya cuta. Afisawa 4:28 ta ce ɓarawo ya daina sata ya yi aiki da hannunsa har ya sami abin ba mabukaci. Kowane rasit da ya karɓa yana mayar masa da ɗan mutuncin da ya zubar, kuma wannan ba abin da za ki iya saya masa ba ne. In kin biya a ɓoye, darasin da zai koya shi ne Yaya tana nan. Mai karatun Littafi Mai Tsarki zai ce ai Bulus ya ce wa Filimon ya ɗora bashin Onisimus a kansa. Gaskiya ne. Amma a fili ya yi, a rubuce da hannunsa, kuma ya aika Onisimus da ƙafarsa ya je ya fuskanci wanda ya yi wa laifi. Idan matasa suna bukatar kayan kiɗan da gaggawa har wani mai hali ya ga ya ba coci rance, to, a yi shi a fili, ƙanenki ya ci gaba da kai kuɗinsa wurin dattijo. Kada bashin ya koma kanki. Bashin yaya ba a biyansa, kin fi mu sani. Kuma jarin tukunyarki shi ke ciyar da Mma.

Taimakonki ya zama abinci, wurin kwana, rakiya asibiti, sabulu. Kuɗi tsaba kuwa a'a, komai ƙanƙantarsa, komai daɗin labarin. Ki zaunar da Mma ki gaya mata wannan a hankali, don uwa ce ƙofar baya. Ita zai zagaya wurinta. Ki nuna mata littafin biyan duk wata, hankalinta zai fi kwanciya. Batun idon unguwa kuma, ki tuna mata cewa maƙwabtanku Musulmi su ma caca haramun ce a wurinsu, kuma wannan wayar tana cin 'ya'yansu yadda ta ci naku. Ba gidanku aka fara ba.

Yanzu coci. A Matiyu 18:15-17 Yesu ya shimfiɗa mataki: a fara ganin mutum shi kaɗai, in ya ƙi ji a ƙara mutum ɗaya ko biyu, sai in ya ƙi su ma a kai gaban ikilisiya. Daga wasiƙarki, kamar an yi tsalle zuwa na ƙarshe. Kuɗin jama'a ne, dole jama'a su san abin da ya faru, kuma sauke shi daga muƙamin daidai ne. Abin da ba daidai ba shi ne horo da ba shi da ranar ƙarewa, ba shi da sharaɗi, ba shi da mai bibiya. Wannan kora ce aka sa mata sunan horo. Kada ki je da faɗa. Ki nemi dattijo ɗaya mai sanyin hali, ko uwar zumuntar mata idan ita ta fi jin maganarki, ki ce: "Baba, ƙanena yana so ya biya, ga tsarin. Me zai yi a karɓe shi, kuma yaushe?" Ki roƙa a faɗi tsawon horon da watanni, a faɗi sharuɗɗansa, a kuma ba shi namiji babba ɗaya da zai riƙa ganinsa kowane mako, su yi addu'a, su karanta Magana, ya tambaye shi kai tsaye ko ya buga a makon. Wannan mutumin ya fara zuwa Suame, kada a jira yaro ya kawo kansa. Muna ganin bai kamata a ɗaure komawarsa teburin Ubangiji da biyan pesewa ta ƙarshe ba. Tuba a fili da wata uku ko huɗu na biya ba fashi sun isa shaida. A 2 Korintiyawa 2:6-8 Bulus ya ce wa ikilisiya horon da aka yi wa wani ya isa, su yafe masa su ƙarfafa shi kada baƙin ciki ya haɗiye shi.

Kalmar da Galatiyawa 6:1 ta yi amfani da ita wajen komo da wanda ya faɗi, a Helenanci, ita ce aka yi amfani da ita a Markus 1:19 ga masunta masu gyaran taru, kuma masu magani na dā suna faɗinta ga ɗorin ƙashi. Duk wanda ya ga maɗori yana aiki ya san ba ya yanke ƙafa, ba ya kuma shafa mai ya ce tashi ka tafi. Yana ja, da zafi, ya daidaita, ya ɗaure da kara, ya hana a ɗora mata nauyi sai ta kama. Ma'anarsa a nan: ya dawo cikin jama'a da wuri, a ba shi aiki, amma ba na kuɗi ba. Ya gyara janareto, ya duba motar coci, ya jera kujeru. Ma'aji kuwa, a manta da wannan na shekaru, wataƙila har abada, kuma ba ƙiyayya ba ce.

A gefe guda, ikilisiya ma ta duba kanta. Tara sidi 8,400 a wayar saurayi ɗaya wata tara ba mai dubawa, sakaci ne. A 2 Korintiyawa 8, Bulus da kansa bai yarda ya ɗauki gudummawa shi kaɗai ba, sai da 'yan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa. Mutum biyu su ƙirga, a kai asusun banki mai sa hannu biyu, a karanta rahoto duk wata. Ki faɗi wannan bayan an daidaita, ba a zaman farko ba, kada a ce kina kare shi.

Masu maganar 'yan sanda suna da hakkinsu, sata laifi ce babba a dokar laifuffuka ta 1960. Sai dai su sani da zarar ta shiga kotu ƙarar ta zama ta gwamnati, ba a janye ta don kawai zuciya ta huce, kuma wanda ke tsare ba ya riƙe sifana balle ya biya. Yarjejeniya a rubuce da rasit na farko a hannu ita ce amsar da ta fi gamsar da su. Ya kamata kuma ya tsaya gaban matasan, su kaɗai, ya nemi gafara ba tare da kawo dalili ba. Wasunsu kuɗin abincinsu suka sa.

Lahadin da zai fara komawa, kada ya shiga shi kaɗai. Ku tafi tare, ku isa da wuri kafin a cika, dattijon nan ya tarbe shi a ƙofa ya zauna kusa da shi. A roƙi fasto tun kafin ranar kada ya mai da shi misalin wa'azi, ko na faɗuwa ko na tuba.

Haushin da kike ji ba zunubi ba ne, an cuce ki. Yafewa ita ce ki ajiye niyyar rama masa da gori, ko da zuciya ba ta huce ba tukuna, kuma za ki maimaita wannan sau da yawa. Ki sa rana ɗaya, bayan ya fara biya, ki faɗa masa duk abin da ya ja miki, da kuɗin koyon aikin da komai, ki gama, kada ki sake ɗauko shi duk lokacin da kuka saɓa. Ke ma ki sami mace ɗaya a zumunta da za ki riƙa sauke wa nauyin.

Ki sa a ranki cewa yana iya sake bugawa. Hakan yakan faru, musamman ranar da kuɗi mai kauri ya shigo ko aka ɓata masa rai. Alamunsa: ɓoye waya, aron wayar wani, sabon layi, rasit da ya makara, fushi in an yi tambaya. Ku yi yarjejeniya tun yanzu cewa in ya faɗa da bakinsa cikin kwana ɗaya, tsarin yana nan, za a duba ta wace ƙofa kuɗin ya bi a rufe ta. In ke kika gano, a koma gaban dattijo a ƙara tsaurara riƙon kuɗin. In ya maimaitu sau biyu ko uku, ko kin ga ƙwayoyi irin su tramadol sun shigo ciki, a haɗa da likita, addu'a na tafiya asibiti na tafiya. Wanda ya ce ki kawo shi sansanin addu'a a ɗaure shi da sarƙa ko a hana shi abinci kwana da kwanaki, ki ƙi. Hukumar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta Ghana ta haramta ɗaure mutane tun 2017. Ranar da za ki je Suame, ki bar littafin lissafin a gida tukuna, kwanon abincin kawai za ki ɗauka.